Gicciye a Haɓar Zani

Damina ce, shekarar da raɗe-raɗin rikici ya sa manya a Kakuri suka rage murya. Da rana muna cikin bas ni da Mama, za mu kasuwa a tsallaken kogi. Daf da gada ta sa hannu a wuyana, ta cire 'yar sarƙar gicciyena, ta ƙulle a haɓar zaninta.

"Mama, Yesu ba zai ji haushi ba?"

"Yi shiru, 'yata. Ya fi mu sanin garin nan."

Kwandasta ya zuba mana ido. Har yau in zan haye gadar da 'ya'yana, sai na duba wuyansu.

Washegari Mama ta miƙo mini sarƙar. Da kaina na tura ta ƙarƙashin katifa.