Afuwar Shugaba

Da aka sanar a rediyo cewa Shugaba ya yi wa fursunonin siyasa afuwa, wata tsohuwa da ɗanta ke cikinsu ba ta tsaya ɗaura ɗankwali ba. Ta keta dusar ƙanƙara har ƙofar kurkuku.

"Kai yaro, fito mini da ɗana."

Mai gadi ya kau da kai. "Iya, tun safe aka tsallake iyaka da su. An ƙwace takardunsu, ba dawowa."

"Wa ya ba da shi? Ni na haife shi."

"Ƙasashe maƙwabta da suka juya mana baya ne suka nema. Yanzu za su koma sayen takin zamaninmu."

Ta ƙare masa kallo.

"To gaya mini, ɗana buhu nawa ya tashi?"