Hayar Kabari

"Inshorar rai? Yarinya, ni da harsashi ya gaji da nema?" Tsohon sajan ya ture takardar mai tallar inshorar yana dariya. "Ina cin fansho, kuma da tuta gwamnati za ta binne ni."

Ya ƙara da cewa, "Irinmu da muka fito daga yaƙin duwatsun Guatemala, ba a razana mu da mutuwa."

"Haka ne, Baba," in ji mai tallar. "Hayar kabarin fa, wa zai riƙa biya in ba inshora? Ka sani, in aka daina biya, ƙasusuwanka za a kwashe a watsa a rami ɗaya da na kowa."

Dariyar ta ɗauke. Ya san irin ramukan nan, da hannunsa ya cika wasu da mutanen ƙauye.

Ya miƙa babban yatsansa, ta shafa masa tawada.