Na'urar da Ta Farka Sau Ɗaya

"Ina sunana, Muktar?" Ɗanlami ya tambayi abokin aikinsa, yana nuna masa takardar na'urar ban-ruwan da suka haɗa a Gusau.

"Haba, suna me ya dame ka?" in ji Muktar. "Ƙungiyar manoma mutum ɗaya take son sani. Gobe ma zan kafa ta a gonar gwaji."

Wata bakwai Ɗanlami ya yi yana rubuta manhajar da ke sa na'urar ta ji kiran ɗan agogon cikinta. Takan yi barci don tattalin batir, agogon ya tashe ta da sassafe, ta kunna famfo. Saura layi ɗaya tak, mai goge alamar kira bayan an farka. In babu shi, sau ɗaya za ta tashi, shi ke nan.

Layin yana cikin kwamfutarsa. Ya bar shi a can, ya ƙi sanar da Muktar. Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Kwana biyar yana jiran labarin kunyar Muktar. A na shida mahaifiyar Ɗanlami, Inna Zulai, ta kira shi daga Furfuri.

"Ɗanlami, irin albasata duk ya ƙone. Muktar ya kafa min wata na'ura a gonata don gwaji, ya ce aikin hannunka ne. Shi ya sa na tafi biki Tsafe, ban ko waiwaya ba."

Ashe nan kaɗai Muktar ya ambaci sunansa.