Motar da Sai an Tura

Yana shigowa gida hutun Sallah, mahaifiyarsa ta ga hannunsa naɗe da bandeji, ta saki ludayin fura ta dafe ƙirji.

Tun da ɗanta ya zama ɗan sanda a babban birni, talabijin ya hana ta sakat. Kullum tseren mota ne, jiniya da ruwan harsashi. Ta sha rantsewa cewa ranar da ya dawo Daura da rauni, ranar zai ajiye kaki ya koma gonar ubansa a Dutsi.

"Shi ke nan, ka gama aikin nan! Su nawa suka harbe ka?"

"Inna, wane irin harbi? Motar sintirinmu ce."

"Kifewa kuka yi kuna bin ɓarayi?"

"Tura ta muke yi, na zame. Kafin ta tashi kuwa, ɓarayin sun isa gida har sun ci tuwo."

Sai ta ɗauki ludayinta, ta cika masa ƙwarya har baki.

"Sha ka koma aikinka, ɗan nan."

Ta ɗaga hannuwa sama.

"Ya Allah, motar nan, kada Ka ba kowa ikon gyara ta."