Askar Itace

A shekarun da magani ya daina ci, Ɗantani wanzami da askar itace yake zuwa gidan suna. An ce ƙwayoyin cuta ne suka koyi narkar da magani, har suna koya wa junansu kamar mata masu ba juna sirrin miya. Ko ƙaya ta ƙarji mutum tana iya kai shi kushewa, shi ya sa hukuma ta hana ƙarfe taɓa fata. Sai dai wanzami ya shafa itacen a kan jariri, a yi guɗa, a watse.

Ranar sunan jikan Iya Hansatu, tsohuwar ta ja Ɗantani bayan rumbu da jaririn, ta kwance bakin zaninta. Aska ce ta gaske, tana walƙiya.

"Jikana ba zai girma da gashin ciki ba," ta ce. "Ko hannun ya mutu ne, Sarkin Aska?"

"Iya, ki ji tsoron Allah. In na kuskure, babu allurar da za ta cece shi."

"Kai ka aske ubansa. Ka kuskure?"

Yatsunsa suka karɓa kafin zuciyarsa ta yarda. Gashi ya riƙa zubowa mai laushi kamar auduga, yaron ko motsi bai yi ba. Sai da ya ɗaga askar ya ga wani jan ɗigo a bayan kunne, bai kai ƙwayar gero ba.

Daga ɗaki uwar ta ɗaga murya, "Baba, an gama?"

Ɗantani ya ɗora babban yatsansa a wurin, ya danne. "An gama, 'yata."