Zariya ko Legas

Layi biyu ne suka rage a fom ɗin shiga jami'a: zaɓi na farko da zaɓi na biyu. Kwana tara Ƙasimu yana yawo da shi a tsakiyar littafin lissafi, ya cika komai ban da su.

Malam Sunusi, mai koya musu zane a sakandaren kwana ta Karaye, har ya gaji da maimaita magana ɗaya. "Zariya za ka sa. In dai zanen gine-gine kake so, ga ta nan kusa da ku. Ran Juma'a ka hau mota daga can zuwa Rogo, kafin magariba kana gaban mahaifinka."

Abin da malamin ya ɗauka talla yake yi wa Zariya, shi ne aibinta a wajen Ƙasimu. Ya tambaya wacce ta fi nisa. Malamin ya ce Legas, ya bi shi da kallo.

Jibo, mahaifin Ƙasimu, magini ne a Falgore, kuma ɗan magini. Rabin sorayen garin aikin hannunsa ne. In ya gama jera azara yakan hau kai ya yi tsalle uku, mai gida na ƙasa yana salati. A gindinsa Ƙasimu ya koyi kallon gini. Zanen da ya sa Malam Sunusi ya san da shi ma na ɗakin mahaifiyarsa Turai ne. Ya yi shi a hutun farkon damina, zaune a bakin tagar da ke ƙarƙashin indararo, ana tsuga ruwa, amma ko ɗigo bai taɓa takardar ba. Washegari ya koma makaranta, aka manna zanen a bangon aji.

Da damina ta yi tsakiya, wata Talata bayan la'asar, rufin ɗakin ya sha ruwa ya zauna a kan Turai.

Mutanen Falgore ba su wahalar da kansu da bincike ba. Wasu suka ce azarar ruɓaɓɓiya ce, wasu suka ce idon Jibo ya tsufa, har da waɗanda ba su taɓa ɗaga tubali ba. Shi kuwa, bayan an fito da gawarta, ya hau kan ɓaraguzan shi kaɗai. Ya daɗe a tsugune ta wajen taga, ya sauko hannunsa ɗaya a cikin riga. Abin da ya ce duka bai wuce "Aikina ne" ba. Tun daga ranar ko yaɓen akurkin kaji ba a sake kiransa ba.

Ƙasimu bai yi kuka ba, ko a ranar ko bayanta. Yana cin abinci, yana cin jarrabawa. Kowace safiya yana sa rigunan da Turai ta ɗinka wa sunansa a wuya da jan zare saboda ɓarayin makarantar kwana, ba ya jin komai. Mahaifinsa ma ba tsanarsa ya yi ba. Gaishe shi yake kamar yadda ake gaida maƙwabcin da ba a saba da shi ba, kuma so yake ya je inda ba zai riƙa ganin hannayen nan ba.

Ran Asabar ya zo gida ɗaukar takardar haihuwa, don sai da ita za a karɓi fom ɗin. Ya tarar da Jibo a zaure yana shirin fita kwasar kara. Suka gaisa, gaisuwar ta ƙare da wuri.

"Wacce ka zaɓa?" in ji Jibo.

"Legas, Baba."

"Can ba sa gini da ƙasa ko?"

"Siminti da rodi. Ba ya faɗo wa mutane."

A nan gabansa ya ciro biro ya rubuta Legas, ya sa Inugu a ƙasa. Zariya ko layi na biyu ba ta samu ba. Jibo, wanda ba ya karatun boko, ya kalli rubutun.

"Allah ya yi albarka. Nisan ma alheri ne," ya ce. "Takardar tana akwatina. Ka jira in dawo in ɗauko maka da kaina."

Motar Karaye da azahar take tashi, kuma rabon Ƙasimu da jiran maganar mahaifinsa wata biyar ke nan. Goggo Hajo, ƙanwar Jibo da ta dawo riƙe gidan, ta gan shi yana laluben makulli a ƙarƙashin buzu.

"Ɗan nan, ya hana a taɓa akwatin nan. Ko ni ban san cikinsa ba."

"Takarda ce kawai, Goggo."

Takardar tana sama-sama, cikin leda. Da ya ɗaga ta sai ya ga kallabin Turai naɗe da wani abu mai tauri, dogo, mulmulalle kamar saiwar rogo. Ya warware kallabin. Tsumma ne da ya bushe da jar laka, ya ɗauki siffar maƙogwaron indararo daidai. Ya murza shi, ƙasa ta zubo masa a cinya, yadin ya buɗe.

Tsohuwar rigarsa ce ta makaranta, wadda ya cusa a indararo ranar da yake zane don kada feshi ya ɓata masa takarda, ya ce in ruwa ya ɗauke zai cire, ga sunansa nan a wuya da jan zare.