Zobe a Ƙofar Kotu

Da Rositsa ta hango saurayinta Kalin, mai gidan burodi, tsaye a matakalar kotun birnin Plovdiv, sai ta nufe shi da sauri. Lauya ce mai kare 'yan jarida, kuma yau za ta tsaya wa wata jarida da wani hamshaƙin ɗan kwangila ya maka a kotu. Ɗazu a tashar bas wani baƙo ya raɗa mata, "Ki gaida saurayinki. Gidan burodi akwai saurin kama wuta."

"Me ya kawo ka?" ta ce, tana waige-waige. "Don Allah ka tafi."

Ya buɗe tafin hannunsa. Zoben kakarsa ne, duk ya sha garin fulawa.

"Rosi, ki aure ni."

Ta dubi zoben, ta dubi motocin da ke tsallaken titi.

"Ba na sonka."

"Lauya guda, ko ƙarya ba ki iya ba."

"Kalin, ƙona ka za su yi! Mutanen ɗan kwangilar nan sun san shagonka."

"Ai sun zo jiya," ya ce a hankali. "Wai in sa ki janye, ko in rabu da ke."

Ta ƙura masa ido.

"Ba ka jin tsoro?"

"Tun jiya ko ruwa na kasa haɗiya."

Daga ciki aka kira ƙararta. Ta damƙe hannunsa, zoben na tsakani.

"To shigo ka zauna a gaba, inda idona zai riƙa ganinka. In mun fito lafiya, ka sake tambayata."